Me Za Ki Fara Ajiye Wa Baƙin Sallah?

Wannan karon na ajiye zancen soyayya a gefe, don na san hankalin kowa ya koma kan ɗinki da lalle da kitso da tukunya. To tukunyar za mu leƙa yau. Tuwon Sallah da miyarsa kowa ta iya a gidansu, ni maganata a kan ɗan abin motsa bakin nan ne da ake fara ajiye wa baƙi kafin a kawo babban abinci. Ƙaramin abu ne a ido, amma wallahi shi ya sa ni kuka a Sallata ta farko a gidan miji.

Ga yadda aka yi. Al'adar gidan su maigidana ce idan an sauko daga Idi ranar Ƙaramar Sallah, duk dangi su hallara a gidan ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan su ci abinci tare, to da yake ni ce amarya sai aka ce bana a gidana za a yi. Ni kuwa rawar kai ta ɗebe ni, na ce sai na nuna musu 'yar gidan girki ce aka kawo musu. Kwana uku ina aiki. Na yi dubulan, na yi alkaki ya sha zuma har yana ɗiga, na yi cincin, na dama zoɓo mai zaƙi kamar me, na yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, sannan na soya nama na barbaɗe shi da yajin da na saya wajen mai tsire. Ban tambayi kowa komai ba.

Baƙi suka zo, na jere faranti a tsakiyar tabarma ina jiran yabo. Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta dubi kayan ta yi murmushi ta ce, "Sannu da aiki 'yar nan, Allah Ya yi albarka." Daga nan ko ɗaya ba ta taɓa ba, sai ruwa kawai ta sha. Baffansu ya ɗauki nama guda ya ɗan ciza ya ajiye. Kakarsu ta juya cincin a hannu ta mayar. Na shige madafi hawaye na zuba, ina cewa a raina shi ke nan, uwar miji ba ta sona, ta ƙi cin abin hannuna a gaban dangi.

Ina cikin share hawaye sai na ji salati daga tsakar gida. 'Yar yayar maigidan, yarinya 'yar shekara 6, ta ɗauki naman nan ta ci ba wanda ya lura. Kafin ka ce kwabo leɓunanta sun kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, numfashinta yana fita da ƙyar. Uwarta ta ɗaga naman ta shinshina ta ce, "Innalillahi! Akwai ƙuli a yajin nan?" Ni ban ma san ana saka ƙuli a yajin tsire ba sai ranar. Aka ɗauke ta a guje sai asibiti, aka yi mata allura, Allah Ya taimaka ta dawo gida washegari. Tuwon da na tuƙa haka ya huce a kwano, Hawan Daushen da muka yi shirin zuwa kallo ba wanda ya sake tada zancensa.

Bayan kwana biyu na je gaida Hajiya kaina a ƙasa. Ita ce ta kira ni kusa ta ce, "'Yar nan, kar ki sa komai a ranki. Ciwon sukari gare ni, likita ya hana ni kayan zaƙi. Na ji nauyin in faɗa a gaban mutane ne." A nan na ji cewa Baffa hawan jini yake fama da shi, Kaka kuma haƙoranta sun ƙare, ƙanen maigidan yana da gyambon ciki. Kin ji fa, mutum biyar a cikin sha biyu, ban ajiye musu abin da za su iya ci ba. Ashe ni ce ban yi tambaya ba, kuma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Da shekara ta zagayo na roƙi a sake ba ni girkin. Tun ana saura mako guda na kira yayar maigidan na ce, "Yaya, don Allah ku lissafa mini wanda ba ya cin wani abu a gidan nan, da dalilinsa." Na ɗauko littafin da nake rubuta labari na rubuta a bayansa. Ki lura, ita na tambaya a keɓe, ban tare Hajiya ko Baffa a gaban jama'a ba, domin manyanmu suna da kawaici, ba kowa ke son a san larurarsa ba. Na kuma samu wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta ƙara mini haske, ga abin da na koya.

Mai ciwon sukari, zuma ma tana ɗaga masa sukari kamar yadda sukarin kanti yake yi, haka kayan fulawa da aka soya irin su cincin da fanke da dubulan. Mai hawan jini kuma gishiri ne abokin gabarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abincinsa gaba ɗaya. Kuma dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne, kanwar da muke jefawa a ganye da wake ita ma tana ɗauke da sinadarin da ake gudu a gishirin. Gyambon ciki kuwa yawanci wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki, wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya suka gano ƙwayar har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Amma duk da haka barkono da tsami suna tayar wa masu shi da zafin. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta gyaɗa. Wanda jikinsa ba ya karɓarta, ɗan kaɗan ya isa ya shaƙe masa numfashi, kuma tana ɓuya a yajin tsire da kilishi da kwaɗo da man gyaɗar da ake matsewa a gida, har da cokalin da aka juya wani abin da shi.

Da na dubi takardata sai na ga idan na ce zan yi wa kowa nasa daban, faranti biyar ke nan, ga wahala, ga kuma tona asiri, kowa zai gane wane ne mara lafiya. Sai na nemi abu guda wanda duk za su iya sa hannu a ciki. Na soke kwaɗo saboda ƙuli, na soke soye-soye saboda Hajiya da Kaka. Na so in yi farfesun kifi, sai na tuna faccalata tana da ƙaramin ciki, ƙarni yana tayar mata da zuciya. Abin da ya rage shi ne farfesun kaza, kuma ya dace da ranar, tunda ciki ya yi kwana 29 ko 30 bai saba karɓar abinci da rana ba, ɗan romo mai ɗumi ya fi masa sauƙi a kan maiƙo.

Kaji 2 na saya don mutum 12, tunda motsa baki ne kawai. Na cire fatar da kitsen, na yanka ƙanana. Na zuba albasa manya 3, tafarnuwa, ɗanyar citta kaɗan, kanumfari 'yan ƙwayoyi, da daddawa guda 2 da na daka, bayan na tambayi uwar yarinyar ta ce daddawa ba ta damunta. Daddawar nan ita ta cike gurbin magi. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya na saka wa tukunyar duka, ban sa mai ko ɗigo ba. Na bar ta a wuta kaɗan-kaɗan har naman ya yi luguf yadda Kaka za ta iya ci. Sannan na ajiye ƙananan kwanoni uku a gefe, ɗaya gishiri, ɗaya dakakken barkono zalla da na daka da hannuna a turmin da aka wanke tas, ɗaya yankakken lemon tsami, mai so ya ƙara da kansa. Zoɓo ma ban sa masa sukari ba, na ajiye sukarin a gefe. Ranar ko ƙwayar gyaɗa ban bari ta shigo gidan ba. Cincin da alkaki kuwa na ƙulla su a leda, na riƙa ba yara da masu tafiya a matsayin goron Sallah.

'Yar uwa, Hajiya sai da ta shanye kwanonta ta miƙo ta ce, "Ƙaro mini romon nan, 'yar nan." Na ce, "To Hajiya, Allah Ya sa ya yi muku daɗi." Baffa ya ci, Kaka ta ci, yarinyar nan tana zaune kusa da ni tana tsotsar ƙashi. Samarin gidan suka zuba barkono har suna share gumi, ba wanda ya lura an yi wa wani girki na musamman.

Don haka ƙannena, ko a gidanku kike kina taya Umma aikin Sallah, ki fara da tambaya kafin ki tafi kasuwa. Ba dole sai kaza ba, abin da aljihu ya iya, ko ƙashin miya ne zai yi romo, ko ki yanka kokwamba da karas da tumatir da dafaffen ƙwai. Ki dai dafa shi salin-alin, ki ajiye gishiri da yaji da sukari a gefe. Idan kuma kika ga wani ya ci abu leɓensa ko harshensa ya fara kumbura, ko numfashi yana yi masa wuya, kar a tsaya ba shi manja ko jiƙo, a garzaya asibiti nan take.

Ku rubuto mini abin da kuka ajiye wa naku baƙin bana. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya maimaita mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.