A Faɗi Sharaɗi Tun Ba A Busa Usur Ba

Na san wasu daga cikin iyayenmu da suka buɗe wannan shafi za su ce, yaron da aka kai makarantar kwana don ya yi karatu, ina ruwansa da zancen tamaula? Ina roƙonsu gafara, su daure su karanta har ƙarshe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gidanmu ya faru, a kan yayana, kuma na tabbata akwai gidaje da yawa a Kano da irinsa ya taɓa samu.

Gidanmu yana Nassarawa, ba nisa da filin sukuwa. Duk wanda ya saba bi ta wajen da sassafe ko bayan la'asar ya san yadda samari kan cika wurin, kowane gungu da ƙwallonsa. Yayana yana cikin wani ƙaramin kulob da ke motsa jiki a can, ba sai na faɗi sunansa ba. Karo-karo suke yi su sayi ƙwallo da riguna, mai koyar da su kuwa malamin firamare ne, ko kwabo ba a biyansa. Shekara biyu da suka wuce suka shiga wata gasa ta ƙananan kulob, aka ce duk wanda ya zo na ɗaya zai haura rukuni na gaba. Wata huɗu suna bugawa, ga rana ga ƙura, har Allah ya ba su sa'a suka zo na ɗaya. Ina gida hutu ran nan. Yaya ya shigo muryarsa a dishe, Inna wadda kullum faɗa take yi masa a kan ƙwallo, ita ce ta fara yin guɗa.

Bayan mako biyu aka kira shugabansu, aka ce masa ba za su haura ba sai sun kawo takardar rajistar kulob, da shaidar asusun banki da sunan kulob, da takardar likita ta kowane ɗan wasa, da shaidar cewa suna da kewayayyen fili da za su riƙa karɓar baƙi, sa'an nan ga kuɗin shiga. Aka ba su kwana goma. Ina za su samo wannan duka a kwana goma? Suna ji suna gani wani kulob da ya zo na huɗu, wanda yake da ubangida mai hali, ya hau gurbinsu. Yaya ya yi kwana uku ba ya cin abincin kirki.

Ni a lokacin cewa na yi duk waɗannan takardu dabara ce kawai ta danne talaka. Da na faɗi haka a gaban Baba, sai ya yi murmushi ya tambaye ni ko na taɓa jin Raccah Rovers. Na ce, “Baba, na dai ji suna.” Ya ce kulob ne na nan Kano, shi ya ci gasar ƙasa a 1978, lokacin yana yaro, kuma duk garin nan babu wanda bai san 'yan wasansa ba, amma yau in na fita nemansa ba zan same shi ba. Ya ce kulob ɗin da ba shi da tushe a rubuce, rayuwarsa tana rataye ne a aljihun wanda ya riƙe shi, ran da aljihun ya huje shi ke nan. Ko Kano Pillars da muke taƙama da ita, in ji shi, kulob uku aka narka wuri guda a 1990 aka kafa ta.

Daga nan na fara bin diddigin abin. Ƙwallon Nijeriya hawa-hawa ne kamar azuzuwan makaranta. A sama akwai babbar gasa, watau NPFL, mai kulob 20. Ƙarƙashinta akwai NNL, sai NLO, sai kuma gasannin jiha da na unguwanni irin wadda su Yaya suka buga. A ƙarshen kaka kulob huɗu kan faɗo daga babbar gasa, huɗu su hau daga NNL. To, amma cin wasa kaɗai ba ya isa a hau, sai an sami lasisi. Hukumar ƙwallo ta duniya da ta Afirka sun kasa sharuɗɗan lasisin nan kashi biyar: na wasa, kamar samun ƙungiyar yara da kula da lafiyar 'yan wasa, na fili da kayan aiki, na ma'aikata, kamar mai koyarwa mai takardar shaida da likita da jami'in tsaro, na shari'a, watau rajista da sanin ko wane ne mai kulob, da na kuɗi, watau a nuna lissafi, a kuma nuna ba a riƙe wa 'yan wasa albashi ba.

Da na karanta su sai jikina ya yi sanyi, domin na tuna wani abokin Yaya da aka karya wa ƙafa a wani wasa. Babu likita a wurin, babu mota, a bayan babur aka ɗauke shi ƙafa tana reto, kuma mahaifinsa ne ya sayar da tumakinsa ya biya kuɗin ɗori. Har yau yaron nan yana ɗingishi. Wanda ya ga wannan ba zai ce sharaɗin likita zalunci ne ba. Haka nan wanda ya taɓa jin ɗan wasa yana kukan an yi wata biyar ba a biya shi ba, ga mata ga 'ya'ya, ba zai ce binciken lissafi shisshigi ne ba. Saboda haka na janye maganata ta farko. Lasisi abu ne mai kyau, rigakafi kuwa ya fi magani.

Amma fa har yanzu ina nan a kan cewa an cuci su Yaya, kuma ga inda cutar take. Mu 'yan makaranta, tun kafin a zauna jarrabawar fita ake gaya mana abin da ake bukata, a ɗauki hotonmu, a yi mana rajista, wanda bai cika ba ya san matsayinsa tun da wuri. Ba a taɓa barin yaro ya rubuta takardu tara ba, ya ci, sa'an nan a ce masa ai ba ka da rajista, an ba wa na bayanka sakamakonka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. In har akwai sharaɗin hawa, to a rubuta shi a ba kowane kulob tun kafin a buga wasan farko, a zo a duba su a tsakiyar kaka, a gaya wa kowa abin da ya rage masa. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya buga don nishaɗi da neman suna, ya san ba hawa zai yi ba. Sharaɗin da ba a fito da shi sai an ga wanda ya ci, ko da na gaskiya ne, mutane za su ɗauka tarko ne.

A Sifen haka suke yi. Manyan kulob suna da ƙananan ƙungiyoyinsu a rukunin ƙasa, kuma kowa ya sani tun farko cewa ƙarama ba ta zama aji ɗaya da babbarta. A 1984 ƙaramar ƙungiyar Real Madrid, wadda ake kira Castilla, ta zo ta ɗaya a rukuni na biyu, ƙaramar Athletic Bilbao ta zo ta biyu. Babu wadda ta hau a cikinsu. Na uku da na huɗu da na biyar aka ɗauka, bi da bi kamar yadda jadawali ya nuna, babu ciniki babu rigima.

Ku kwatanta wannan da abin da ya faru a nan gida a 2024. Wani kulob na garin Ikenne a jihar Ogun, mai suna Beyond Limits, ya sami hawa daga NNL. Sai dai mai shi, Kunle Soname, shi ne kuma mai Remo Stars da ke cikin babbar gasa, doka kuwa ta hana mutum ɗaya ya riƙe kulob biyu a gasa ɗaya. Dokar nan ba ni da ja a kanta. Wanda yake shakkar amfaninta ya tuna da abin kunyar da aka yi a Bauci a watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa na ƙananan kulob, inda Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci abokiyar karawarta 67 da nema, don kowacce tana son ta fi ɗayar yawan ƙwallaye. Daga cikin 79 ɗin nan, 72 bayan hutun rabin lokaci aka zura su. Na yi lissafi a bayan littafina, ya kama ƙwallo ɗaya ke nan cikin abin da bai kai daƙiƙa 40 ba! Hukumar ƙwallo ta ƙasa ta kori 'yan wasan har abada, ta dakatar da kulob ɗin huɗu shekara goma. In kulob ɗin da ba mai su ɗaya ba za su iya haɗa baki haka, ina ga wa da ƙane sun haɗu ranar wasan ƙarshe, ɗaya yana neman kofi?

To, an hana Beyond Limits hawa, mun yarda. Wa ya kamata ya hau? Ko ɗan aji ɗaya zai ce wanda ke biye mata a wasannin neman hawa. Amma ba haka aka yi ba. Heartland ta Owerri, wadda ta faɗo daga babbar gasa a wannan kakar, ita ta karɓi gurbin ta koma inda ta fito. Yaran Ikenne sun sha rana, kulob ɗin da ke biye musu ya sha rana, wanda ya faɗi jarrabawa shi aka ƙara wa aji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin mamaki kuma, da kakar ta ƙare a 2025 Heartland ta sake faɗowa. Gurbi dai ya saye, amma ƙafar bugawa ba a same ta a kasuwa ba.

Ni a ganina gurbin gasa ba rumfar kasuwar Kwari ba ce da mai ita zai sayar in ya ga dama. Na gasa ne, aro aka ba shi, in ba zai iya zama ba ya mayar a ba na bayansa. Mu Kanawa muna da bakin faɗin haka. A 2022 Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗo, bayan har an yanke mata maki saboda hargitsin da aka yi a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. Mun ji zafi, a makaranta 'yan wasu garuruwa sun yi mana dariya har sun gaji. Amma Masu Gida suka sauka NNL, suka buga, suka je Asaba a 2023 suka ciwo gurbinsu da ƙafarsu. A Asaba ɗin ne kuma Barau FC ta sami nata hawan a 2025. Wannan hawa shi ne mai daɗin faɗi.

Akwai kuma batun fili, wanda shi ya fi kayar da ƙananan kulob. Ko a Ingila an yi wannan. Shekara uku a jere, 1994 da 1995 da 1996, wanda ya zo na ɗaya a gasar da ke ƙarƙashin manyan rukunoni huɗu bai hau ba saboda filinsa bai cika sharaɗi ba: Kidderminster, sai Macclesfield, sai Stevenage. Na ƙarshen nan har kotu ya je bai yi nasara ba. Abin da aka yi a can shi ne kulob ɗin da ya zo na kashin baya a sama ya tsira, wannan ma bai yi mini ba, amma dai ba saye ya yi ba, kuma an san ranar duba fili tun da wuri. Macclesfield ta gyara nata, ta sake cin gasar a 1997, ta hau. Da Luton Town ta haura Firimiya a 2023 da tsohon filinta wanda ake shiga wani ɓangarensa ta tsakanin gidajen mutane, ba a kore ta ba. An ɗaga mata wasanta na farko na gida, ta kashe wajen fam miliyan 10 ta yi gyara. Watau mai nasara a ba shi lokaci. Kuma a auna wa kowa kaya daidai wuyansa: kulob ɗin unguwa a nemi ya kawo rajista da akwatin magani da mai ba da taimakon farko da yarjejeniyar aron fili, kada a nemi ya kawo abin da ake nema wurin Pillars.

A nan ne nake son in juyo ga iyayenmu, musamman na unguwarmu. Nassarawa cike take da lauyoyi da likitoci da ma'aikatan banki da manyan ma'aikatan gwamnati. Takardar rajistar da ta gagari su Yaya kwana goma, wani maƙwabcinmu lauya da ya ji labari daga baya cewa ya yi da an zo masa da tuni ya nuna musu hanya. Likita ɗaya in ya ba da Asabar guda zai duba yara ashirin da biyar. Makarantu irin tamu kuwa suna da filaye a kewaye da katanga, waɗanda in an yi hutu sai awaki da ciyawa. Ina laifin hukuma ta yarda a riƙa ba ƙananan kulob aronsu a rubuce, su kuma su riƙa share su suna shafa farar ƙasa? Wannan takardar aro kaɗai da ta cike sharaɗi ɗaya daga cikin waɗanda suka kayar da su.

Ranar ziyara da ta wuce Yaya ya zo mini da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Yanzu da safe yana koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre, da yamma ya tafi fili. Na ce, “Yaya, ina labarin kulob?” Ya ce lauyan nan ya taimaka musu takardar rajista ta fito, sun buɗe asusu, kowa yana zuba ɗari biyar duk Juma'a. Mutum huɗu daga cikin waɗanda suka ci gasar nan sun bari, ɗaya ya tafi Legas, gola kuma ya yi aure. Fili ne har yanzu ba su samu ba. Ya ce in na ga fuska in tambayar masa Malamin Wasanni ko za a ba su aron namu a dogon hutu, na ce masa sai dai in fara rubutawa a mujalla tukuna, in ga ko Shugaban Makaranta zai karanta.