Tukunyar Zango da Takardar Tankas



Duk wanda ya tashi a Nima, ko Mamobi, ko Aboabo, ko Sabon Zango, ya san abin da ke faruwa idan aka ce ga tankas nan tafe. Mai koko za ta ja zane ta rufe tukunya, mai wake da shinkafa za ta tura yarinya ta share bakin kwata, mai tsire zai yi maza ya ɓoye ragowar naman jiya. Da jami'in ya ba da baya sai kowa ya koma yadda yake. Mun gaji wannan ɗabi'a daga iyaye har ta zama kamar wasan ɓuya tsakaninmu da hukuma. Ra'ayinmu a yau shi ne lokacin barin wasan ya yi, domin mu ne ke shan kaye a cikinsa: 'ya'yanmu ke cin abincin, matanmu ke biyan tarar, sunan Zango kuma ke ɓaci.

Tsoron yana da asali, kuma adalci ne mu faɗe shi. A shekarar 1908 annoba ta ɓarke a birnin Accra, wanda iyayenmu ke kira Ankara, Turawan mulki suka amsa da rushe gidaje da tayar da mutane. A 1924 irin wannan annoba ta sauka a Kumasi, ta yi ɓarna a Zango, aka tayar da jama'a aka gina musu sabon Zango. Shekara guda bayan haka, a 1925, aka kafa hukumar lafiyar jama'a ta Kumasi, wadda ta riƙe ragamar birnin kafin zuwan majalisar gari. Ke nan farkon haɗuwar kakanninmu da jami'in tsafta haɗuwa ce ta rusau da tara. Sunayen da muke kiransa da su ma sun ɗauko wannan tarihi. Tankas daga sunan majalisar gari na Turanci ya samo asali, samansaman kuma daga takardar kiran kotu, tushe ɗaya da kalmarmu ta sammaci. 'Yan'uwanmu na Kano da Zariya suna ce masa dubagari, wato mai duba lafiyar gari, mu kuwa da sunan hukuncinsa muka san shi.

Sai dai shekara ɗari ta wuce, kuma matsayinmu a ƙasar nan ya sauya. A yau Zango ce ke ciyar da biranen Ghana. Ma'aikacin banki da direban tirotiro da ɗan makaranta duk a layi ɗaya suke da safe, suna jiran koko da ƙosai. Abincin da dukan ƙasa ke kira waakye sunansa daga bakinmu ya fito. Tuwon zafi, fura, masa, pinkaso, lamurje, tsire, da naman da ke rataye a kasuwanni, mafi yawansu ta hannunmu suke bi. Wanda ya riƙe cikin al'umma haka ya ɗauki amana babba, kuma ba ya da hujjar cewa dokar abinci ta wasu ce.

Me dokar ta ce? Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, ta haramta sayar da gurɓataccen abinci ko dafa shi a wuri marar tsafta, ta kuma ba Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wato FDA, ikon sa ido a kan haka. Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba majalisun birane da gundumomi ikon kafa dokokinsu na cikin gida, da ba da izinin kasuwanci, da gurfanar da wanda ya saɓa. Jami'an tsaftar muhalli, waɗanda muke kira tankas, a ƙarƙashin waɗannan majalisu suke aiki. A aikace, ana son mai sayar da abinci ta yi gwajin lafiya ta karɓi takardar shaida, ta riƙa sabunta ta kowace shekara. Gidan abinci yana buƙatar izinin tsafta na FDA, masu sayarwa a bakin titi su ma hukumar ta fito musu da nasu izinin. Dabbar da za a sayar da namanta kuwa, a mayanka aka yarda a yanka ta, inda likitan dabbobi zai duba ta da rai ya kuma duba naman.

Da yawa daga cikin iyayenmu mata suna ganin gwajin nan cin fuska ne. Sukan ce, shekara ashirin ina dafa abinci, wa ya taɓa mutuwa? Amsar tana cikin yadda cutar take. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar taifod a cikinsa tsawon lokaci, yana tafiya garau babu zazzaɓi, alhali hannunsa yana zuba ta a miyar jama'a. Kwalara ta ruwa da abinci take bi, daga bahaya zuwa baki. Wanda ya ci ya kwanta bayan kwana biyu ba ya dawowa ya faɗa wa mai abinci, sau da yawa ma bai san inda ya kwaso ba. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 240, kuma a Accra ta fi tsanani, musamman unguwanni masu cunkoso irin namu. A watan Janairun 2023, FDA ta bayyana cewa mutum 53 sun kamu da ciwo bayan cin abinci a wani wurin sayar da wake da shinkafa a Oyibi, kuma binciken ya nuna rashin tsafta wajen sarrafa abincin. Labarin bai tsaya ga wuri ɗaya ba. Duk mai sayar da waakye a birnin ta ji a jikinta, domin idan wake ɗaya ya ɓata gari, ba a tambayar wace gona ya fito.

Akwai laifuffukan da ba ma buƙatar jami'i ya nuna mana su. Mun san mahautan da ke babbake fatar sa da ƙafafu da tsofaffin tayoyi, hayaƙin roba yana shiga gandar da za a sa a miya. Mun san inda ake yanka a bayan gida da asuba don gudun kuɗin mayanka, ciki har da dabbar da ta kusa mutuwa da kanta. Mun ga miyar jiya da ake ɗumamawa a haɗa da ta yau, da ruwan wanke kwano guda da zai yi wuni ba a sauya ba, da furar da ake damawa da ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. Mun kuma san takardar shaidar lafiya da ake saya ba tare da an ga likita ba. Wannan ta ƙarshe ta fi muni, saboda ƙarya ce da aka buga wa hatimi. Muna alfahari da cewa namanmu halal ne. To, addinin da ya ce a ambaci sunan Allah wajen yanka shi ne ya hana algus da cutar da mai saye. Naman da aka yi wa bisimilla aka kuma bar shi ƙudaje suna wasa a kai, rabin sharaɗi ya cika.

Kuma sa ido a kan abinci ba baƙon abu ba ne a al'adarmu. Tun kafin Bature, kasuwar Bahaushe tana da Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa. Sarkin Fawa ya san dabbar da aka yanka, ya san wanda ya yanka, kuma yana iya hana mahauci fitar da naman da bai yarda da shi ba. Malamai sun san babin hisba, inda ake duba mudu da ma'auni da ingancin abin sayarwa. Sarautun nan suna nan a Zangunanmu. Abin tambaya shi ne ko sun tsaya ga rawani da hawan sallah, ko har yanzu suna iya cewa wane, naman nan ba zai shiga kasuwa ba.

To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukuma tana da nata kason laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Ana karɓar kuɗin tikiti kullum daga hannun matar da ke zaune a bakin babbar kwatar Nima, amma kwatar tana nan a buɗe shekara da shekaru. Ana cin tarar mai abinci don ba ta da ruwa mai gudana, a unguwar da famfo ke yin kwanaki bai kawo ruwa ba. Ana hukunta wanda ya zubar da shara a lungun da motar shara ba ta shiga. Jami'i yakan zo da takarda cikin Turanci ya miƙa wa tsohuwar da ba ta yi boko ba, bai yi mata bayani da Hausa ko Dagbanci ko Tuwi ba, sai dai ta ga sammaci. Wasu jami'an kuma, ba duka ba, sun mayar da zagayen duba tsafta hanyar karɓar na goro. Ranar da aka ba su sai wurin ya zama mai tsafta, ranar da aka hana sai ya zama ƙazami. Irin wannan yana koya wa mutane cewa takarda haraji ce kawai, babu ruwanta da lafiya.

Babban rashin daidaiton yana wajen ba da izinin wuraren kasuwanci. Dokar Tsara Amfani da Filaye ta 2016, mai lamba 925, ta ɗora wa majalisun nan alhakin amincewa da gini da sauya amfanin fili. Duk da haka muna wayar gari mu ga gidan zama ya koma shaguna babu makewayi, ko an dasa gidan mai a tsakiyar gidaje, ko an yi gini a kan hanyar ruwa. Ranar 3 ga Yunin 2015, ambaliya da gobara suka haɗu a wani gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Ranar 7 ga Oktoban 2017, tashar gas ta fashe a mahaɗar Atomic kusa da Madina, mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya. Mu tuna cewa a kwanakin farko maganar da ta bazu ita ce wutar wani mai tsire ce ta jawo. An yi saurin nuna mai tsire da yatsa, kafin a tambayi yadda tashar gas da murhun abinci da tashar mota suka zama maƙwabta, da kuma wanda ya sa hannu. Hukumar da ke iya ganin tukunyar da ba a rufe ba ya kamata ta iya ganin tankin gas.

Mene ne abin yi? Na farko, mu karɓi gwajin lafiya a matsayin namu. Ƙungiyoyin mata masu abinci, da magajiyoyi, da sarakunan Zango su nemi majalisa ta ware ranaku a kawo gwajin cikin unguwa, a harabar makaranta ko ƙofar fada, a sanar a masallatai ranar Juma'a. Wadda gwaji ya nuna tana da ciwo a taimaka mata da magani a asirce, a kuma tallafa mata daga asusun adashi har ta warke, domin tsoron rasa cinikin mako guda ne ke sa mutane gudun likita.

Na biyu, kada a biya ko sisi ba tare da rasit ba. Wanda ya ba da na goro ya sayi kwana ɗaya ne, gobe za a dawo. Rasit kuwa hujja ce da za mu ɗauka mu je ofishin majalisa mu ce ga abin da unguwarmu ta biya, ina kwata, ina ruwa, ina kwandon shara?

Na uku, Sarakunan Fawa su dawo da ikonsu. Su haramta babbaka da taya a tsakaninsu, su haɗa kuɗi a sayi na'urar gas, su kuma tsaya kai da fata a samar da ƙananan mayanka masu tsafta kusa da kasuwanni, saboda nisa da tsadar sufuri suna cikin abin da ke tura mahauci yanka a ɓoye.

Na huɗu, mu shiga inda ake yanke shawara. Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Mamobi tana Ayawaso ta Arewa, Aboabo tana Asokore Mampong. Waɗannan majalisu ne da 'ya'yanmu ke zaune a cikinsu, ba gwamnan Turawa ba. Zaɓen 'yan majalisar unguwa shi ne wanda muka fi rainawa, alhali shi ya fi kusa da tukunyarmu. Mu tambayi wakilinmu: wane izini aka bayar a unguwar nan bana? Wa aka tuntuɓa? Nawa aka tara, me aka yi da shi? Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 shi ma a tambaye shi rumfunan abinci masu famfo da magudanar ruwa, domin rumfa mai tsafta tana ciyar da gida fiye da filin ƙwallo.

Na biyar, mu tura 'ya'yanmu makarantun koyon aikin tsafta da ke Accra da Tamale da Ho. Ranar da jami'in da zai shigo lungu ya durƙusa ya ce, “Inna, ina kwana, bari in nuna miki yadda za a gyara wurin nan,” ranar ce tsoron da muka gada zai fara gushewa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Masu yi wa Zango kallon ƙazanta ba za su daina don mun yi fushi ba. Za su rasa abin faɗa ne idan suka tarar da takardar shaida a rataye, tukunya a rufe, ruwan wanke hannu a gefe, mai abinci kuma tana iya duban jami'i ido da ido ta tambaye shi rasit. Iyayenmu mata da ke tashi tun kafin kiran assalatu su hura wuta sun cancanci wannan mutunci, yaran da ke tsayawa a gabansu da kwano su ma sun cancanci su ci su tashi lafiya.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu daga annoba, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Muna jiran jin yadda abin yake a Zangonku.