Guntayen Kwali Bakwai Da Ya Kamata Kowane Malamin Lissafi Ya Riƙe

A 2014 binciken PASEC ya auna yaran firamare na ƙasashen Afirka goma masu amfani da Faransanci, ya tarar cewa a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma bai kai mizanin da ake buƙata a lissafi ba a ƙarshen firamare. An yi ta magana kan ƙarancin littattafai da azuzuwan zana da albashin ƴan kwantaragi, kuma duk gaskiya ne. Amma ni da nake koyar da masu shirin zama malamai a nan Damagaram, akwai wata cuta da nake gani wadda kuɗi ba ya maganinta: muna koyar da siffofi da baki, hannun yaro bai taɓa su ba.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Zana murabba'i a tablo, yara za su ce "carré" baki ɗaya. Juya shi ya tsaya kan kusurwa ɗaya, da yawansu za su ce ya zama "losange", wasu ma su rantse ba murabba'i ba ne. Ba yara kaɗai ba, har cikin ɗalibaina masu takardar BEPC da Bak ana samun haka. Sun haddace hoto, ba su san abin da ya sa murabba'i ya zama murabba'i ba. Wasu malamai ƴan ƙasar Holan, Pierre van Hiele da matarsa Dina, sun yi bayanin wannan tun 1957: yaro yana fara gane siffa da kamanninta, sai daga baya ya gane ta da halayenta, kuma shekaru kaɗai ba sa haurar da shi wannan tsani, sai an sa shi aiki.

Aikin da nake nufi shi ne tangiram, wasan da ya fito daga ƙasar Sin, ya bazu a Turai da Amurka wajajen 1817. Murabba'i ɗaya ne aka yanka gida bakwai: alwatika biyar (manya biyu, matsakaiciya ɗaya, ƙanana biyu), ƙaramin murabba'i, da wata karkatacciyar siffa mai gefe huɗu wadda littafinmu ke kira "parallélogramme". Ko dala ba ya ci. Takardar kaye da almakashi sun isa, da ninki kawai ake fitar da shi, sannan a ɗora a kwalin sukari a yanke don ya daɗe.

A ɗauki murabba'i mai santimita 20 kowane gefe. Filinsa 400. Kowace babbar alwatika 100 ce, kowace ƙarama 25, sauran guntaye ukun kuwa 50-50. Kada a faɗa wa yara wannan. A ba su ƙananan alwatika biyun, a ce su rufe ƙaramin murabba'in da su. Za su rufe. A ce su rufe matsakaiciyar alwatika, ta rufu. A ce su rufe karkatacciyar nan, ita ma ta rufu, bayan an ɗan sha fama. Siffa uku da ba su yi kama da juna ba, fili ɗaya, kuma yaro da hannunsa ya gano. Ranar da za a kawo masa dokar nan ta gindi sau tsayi a raba biyu, ya riga ya san inda "raba biyun" ya fito, domin ya ga alwatika rabin murabba'i ce.

Sai wanda ya fi burge ni. A haɗa guntayen bakwai su zama murabba'i, kewayensa santimita 80. A wargaza a haɗa su su zama doguwar siffa mai kusurwa huɗu a miƙe, kewayen ya kusa 85. A mai da su babbar alwatika guda, ya haura 96. Fili bai ƙaru ba, bai ragu ba, 400 ɗin nan ce. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gonar gado ya san wannan ba wasan yara ba ne. Sau nawa ake auna gona da taku a zagaye, a ce wadda ta fi daɗewar zagayawa ita ta fi girma?

Kusurwoyinsa ma iri uku ne kacal: digiri 45, 90 da 135. Yaro zai jera ƙanana biyu ya ga sun ba da kusurwar murabba'i, ya haɗa 45 da 135 ya ga layi ya miƙe sak. Ga manyan ɗalibai kuma akwai tambaya mai daɗi: siffa nawa marasa loko za a iya haɗawa da guntayen duka? A 1942 masana lissafi biyu ƴan Sin, Wang da Hsiung, sun tabbatar cewa 13 ne, babu ta 14: alwatika ɗaya, masu gefe huɗu guda shida, masu gefe biyar guda biyu, masu gefe shida guda huɗu.

Na san abin da abokan aiki za su ce. Aji ya cika maƙil, manhaja tana da tsawo, sufeto zai tambayi inda aka tsaya. Wasu iyayen kuma za su ce mushe ya bar karatu yana wasa da kwali. Wannan na ƙarshen yana da ƙamshin gaskiya, domin idan malami ya raba guntaye ya ce a yi kyanwa da raƙumi ya koma ya zauna, to wasa aka yi. Tambayar da ke biyo baya ita ce darasin: gefe nawa, waɗanne ne daidai da juna, me ya canza da ka juya ta, me bai canza ba? Batun cunkoso kuwa, tangiram ɗaya ya ishi yara biyar a kan tabarma, gardamar da za su yi tsakaninsu ma riba ce.

Kuma da Hausa za su yi gardamar. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, ga shi kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Yaron da ya tashi yana ganin zanen magina a bangon gidajen Birni da yankan dukawa a fata ba baƙon alwatika ba ne, sunanta na Faransanci ne baƙonsa. A bar shi ya ce "wannan ta karkace, sai an kifa ta za ta shiga", daga baya a ba shi kalmar littafi.

Roƙona ga masu tsara horon malamai ƙarami ne. Kada ɗalibi ya fita koyarwar gwaji sai ya yanka nasa tangiram, ya nemo aƙalla rabin siffofin nan 13 da kansa, ya kuma gabatar da darasi ɗaya na fili da kewaye da shi a gaban ƴan ajinsu. Awa shida cikin shekara ta isa.