Sanyin kafaɗa na tsofaffi: yaushe ake rage maganin kortizon?

Mai karatu, a kasuwar Tawa da kasuwannin ƙauye na wajen Barmu da Affala, masu tallar magani suna sayar da ƙwayoyin kortizon, irin su piredinisolon da deksametazon, ba da takardar likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa ɗaya cikin 10 na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Lome ta 2020 don yaƙi da su. Sai dai ko kortizon na ƙwarai yana da haɗari, musamman wajen barinsa.

Wace cuta ce?
Likitoci suna kiranta polimiyaljiya. Tana kama waɗanda suka wuce shekara 50. Mutum yakan tashi da safe kafaɗu da wuya da kwatangwalo sun sandare fiye da minti 45, har sa riga ya gagare shi. Ta fi yawa a arewacin Turai, don haka kada ka ɗauki kowane sanyin ƙashi a kan ita ce.

Sauƙi ba warkewa ba ne
Da miligiram 12.5 zuwa 25 na piredinisolon a rana, ciwon yakan lafa cikin kwanaki kaɗan. A nan ne da yawa suke ruɗuwa. Ba a cewa cutar ta kwanta sai sandarewar safe ta gushe, kuma awon jini ya nuna kumburi ya sauka. Bisa ƙa'idar likitocin Turai da Amurka ta 2015, ana saukowa zuwa miligiram 10 cikin mako 4 zuwa 8, sannan a riƙa rage miligiram 1 kowane wata. Jinyar takan kai shekara ɗaya ko biyu, kuma ciwon yakan dawo wa kusan rabin masu shi.

Me ya sa ba a yankewa lokaci guda?
Wanda ya daɗe yana shan kortizon, jikinsa yakan daina yin nasa. In ya bari farat ɗaya, sai kasala, amai, faɗuwar jini, wani lokaci har mutuwa. In kuma ya zarce da sha babu awo, ga ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi.

Abin da za ka yi
Ka kai tsohonka babban asibitin jihar Tawa a auna shi. Ka rubuta adadin ƙwayoyin kowace rana. Kafin ka tafi cin rani, ka damƙa wa wani amintacce kula da maganin, kada ya yanke. In ciwon kai ya taso a gefen goshi, ko muƙamuƙi ya yi ciwo wajen tauna, ko gani ya dushe, a tafi asibiti ran nan, domin jinkiri yana iya jawo makanta.