TSINTUWA AMANA CE, BA RABO BA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan uwa matasa! Wata muguwar fatawa ta yi ƙarfi a tashoshin mota da majalisun shayi, daga Boɗinga har Shagari, wai "tsintuwa ba sata ba ce, rabo ne daga Allah". Masu ganin kansu wayayyu kuma suna cewa: "Wace doka ce ta tilasta mini in mayar?" To, ga amsa.

Shari'a ta riga ta yanke hukuncin luƙaɗa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ubayyu ɗan Ka'abu (RA) ya tsinci jaka mai dinari 100, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da cigiya. A hadisin Zaidu ɗan Khalid kuma an kayyade shekara guda cur, bayan mai tsintuwa ya kiyaye kamannin jakar da maɗaurinta. Haka malamanmu na Malikiyya suka tafi a kai cikin Risala da Muhtasar: ka yi shela a inda ka tsinta da ƙofofin masallatai, kada ka faɗi adadin kuɗin, mai nema shi zai siffanta su. Shekara ta cika babu labari? Ka ajiye, ko ka yi sadaka, ko ka yi amfani da su, amma duk ranar da mai su ya bayyana, biya ya hau kanka. Abin da aka yafe shi ne ɗan abin da ba a waiwaye, kamar dabino ɗaya a kan hanya.

Mai fakewa da dokar boko ma bai tsira ba. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya mai da cinye dukiyar wani da ha'inci laifi, da ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Balle Jihar Sakkwato da ta ƙaddamar da Shari'a a 2000.

Wani zai ce: "In na miƙa wa hukuma, wa ya san inda za su shige?" Wannan ba hujjar haɗiyewa ba ce. Wajibinka cigiya. Ka kafa shaidu, ka sanar da liman ko hakimi ko alƙali, ka kai sanarwa gidan rediyo.

A 2023 wani matashi mai Adaidaita Sahu a Kano ya mayar da Naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwar Chadi ya manta a kekensa. Shi ba ya cikin matsin da kake ciki ne?

Ku tuna, kuɗin nan wataƙila na manomin da ya sayar da albasarsa ne, ko na magani, ko sadakin wani. A Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Abin kunya ne a ce jikokin almajiransa ke halatta haƙƙin talaka. Wanda ya ci amanar Naira dubu biyar a tasha, da wane baki zai zagi ɓarayin gwamnati?

Wanda ke riƙe da tsintuwa, ya fara cigiya yau, kafin a tsayar da shi gobe Ƙiyama. Allah Ya tsare mu da cin haram, amin.

Wassalamu alaikum.