Jirgin Ciyawa da Darasin Igiya Guda

A wannan mako ina so in ja hankalin masu karatu zuwa ga wata tafiya da aka yi shekaru fiye da hamsin da suka wuce, wadda ƙasarmu ta Tafkin Chadi ke da hannu a cikinta, amma ba kasafai muke tunawa da ita ba.

A shekarar 1969 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya ƙudiri aniyar nuna cewa mutanen da za su iya ƙetare arewacin Tekun Atlantika da jirgin ciyawa. Ya samo ciyawar fafiras daga Tafkin Tana na Habasha, ya ɗauko magina daga Tafkin Chadi, inda Buduma suka gaji wannan sana'a, suka ɗaure masa jirgi a gindin dalar Giza ta Masar. Aka sa masa suna Ra. Babu inji a cikinsa, sai ƙyalle guda da iska ke turawa.

Mutum bakwai suka shiga, daga ƙasashe bakwai: Norwe, Amurka, Tarayyar Sobiyet, Italiya, Meksiko, Masar da Chadi, a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ɗan Chadin shi ne Abdullahi Jibrin. A tuna, lokacin ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, ga Ba'amurke da Barashe a ɗaki ɗaya suna cin abinci ɗaya.

Sun tashi daga Safi ta Maroko a watan Mayu. Sun yi kusan wata biyu a ruwa, sun doshi Barbados, sai jirgin ya fi ƙarfinsu, aka kwashe su. Babban dalili shi ne an bar wata igiya da ake gani a zanen Misirawan da, wadda ke ɗaure wutsiyar jirgi da cikinsa. Da babu ita, wutsiyar ta yi ta nutsewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A 1970 suka sake gwadawa da Ra na Biyu, wanda magina daga Tafkin Titikaka suka ɗaure, aka kuma sa igiyar. Mutum takwas suka isa Barbados cikin kwana 57. A hanya sun yi ta cin karo da dunƙulen ɗanyen mai a kan ruwa, suka kai rahoto ga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abu biyu nake ɗauka daga wannan labari. Na farko, bambancin harshe da addini bai nutsar da Ra ba, sakaci da ƙaramin abu ne ya gama da shi. Mutanen da ba su da wurin gudu sukan koyi haƙuri da juna, domin kowa ya san idan ɗan'uwansa ya saki igiya, duka za su sha ruwa.

Na biyu ya fi damuna. Baƙo ya taso daga Turai ya nemi gwanayen Tafkin Chadi domin ya san darajar hannunsu. Yau tafkin ya janye, rashin tsaro ya tarwatsa masunta. Ina kira ga jami'o'inmu na Maiduguri da Difa da Injamena su nemi dattawan da suka rage, su rubuta yadda ake ɗaure jirgin nan tun masu shi suna da rai.