Harsashi Ba Ya Yanke Hukunci

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Bayan kwana shida aka sako 344. Auwalu Daudawa, wanda aka ɗora wa jagorancin harin, ya miƙa makamansa a Zamfara a Fabrairun 2021, aka yi masa afuwa, ya koma daji, aka kashe shi kafin wata uku su cika. Ko sau ɗaya bai tsaya gaban alƙali ba. Ya tafi kabari da sunayen waɗanda suka sayar masa da bindiga da waɗanda suka nuna masa hanya.

Duk da haka, idan matashi ya ce zai karanta ilimin nazarin laifuka a jami'a, sai ka ji ana cewa yanzu lokacin bindiga ne, takarda ba ta korar ɗan fashi. Na ƙi wannan magana. Jiragen yaƙi sun daɗe suna ruwan wuta a dajin Rugu. Abin da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka rasa shi ne sarƙar da ke ɗaukar mai laifi daga bincike zuwa kotu, daga kotu zuwa hukunci, kuma kowane reshe na wannan karatu yana kula da zobe ɗaya na sarƙar.

Reshe na farko yana binciken musabbabin laifi, domin ruwa ba ya tsami banza. Satar shanu, cinye burtali da mashaya, kisan da 'yan sa-kai suka yi ba shari'a, da kwararowar makamai bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, duk sun zuba wa wutar nan mai. A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya yi da'awar ana gane mai laifi daga siffar jikinsa. Masana sun daɗe da watsar da ra'ayin. Mu kuwa mun farfaɗo da shi a kasuwanninmu, inda ganin Bafulatani kaɗai kan isa a yanke masa hukunci. Makiyayin da aka kashe wa ɗan'uwa ba laifi, 'yan daji ba sa shan wahalar janyo shi.

Reshe na biyu shi ne aikin 'yan sanda da dabarun bincike. Kuɗin fansa ta waya ake cinikinsa, man babur da burodi daga gari suke shiga daji, kuma kowannensu yana barin sawu ga wanda ya iya bi. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da waɗannan uku. Auna ko matakin ya rage hare-hare, ko kuwa manomi ne kawai ya rasa hanyar neman agaji, aikin mai nazari ne da alƙaluma a hannu. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ta san daji, amma idan ba ta san yadda ake adana shaida ba, wanda ta kama da safe zai kuɓuta a kotu, ko kuma a kashe shi a hanya don gudun kotun.

Reshe na uku shi ne doka da kotu. Tun 1764 Cesare Beccaria ya nuna cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi. Mu gwada wannan da abin da ya faru a Faskari. A Yunin 2020 aka kashe mutane da dama a ƙauyen Kadisau, 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama Ado Aleru. A Yulin 2022 aka naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoto da rana tsaka. Wane darasi yaron da ke riƙe da bindiga ya koya? Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu a 2016 da 2019, duk suka wargaje. Sulhu alheri ne, amma wanda ba a rubuta sharuɗɗansa ba, ba a ƙirga makamansa ba, ba a ji ta bakin waɗanda aka zalunta ba, hutu ne kawai ga mai laifi.

Reshe na huɗu ya shafi gidan yari da waɗanda aka cuta. A 2019 doka ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, amma kusan kashi biyu cikin uku na mazauna cikinsu jiran shari'a suke. Wanda aka tsare shekaru kan satar akuya tare da riƙaƙƙun 'yan fashi, da sabuwar sana'a zai fito. Manomin Sabuwa da ya biya haraji kafin ya girbe masararsa, da gwauruwar da ke bara da marayu a Funtuwa, su ma suna da haƙƙi a tsarin shari'a, kuma rubuta asararsu shi ne matakin farko na diyya.

Masu raina wannan karatu suna da hujja guda: yawancin littattafansa unguwannin Shikago da titunan Landan suke siffantawa, ba ruga da burtali ba. Maganin wannan a dawo da karatun gida. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna bakin wannan daji, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su tura ɗalibai su tattara shaidar waɗanda aka sako cikin Hausa da Fulatanci, su bi diddigin kowace ƙara daga ofishin 'yan sanda zuwa hukunci, su nazarci yadda dokar laifuka ta Arewa da shari'ar Musulunci da sulhun masu gari suke haɗuwa. Gwamnatin jiha kuma ta ba 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi guraben karatu kyauta a fannin, ta ɗauke su aiki idan sun gama.

Soja na iya kore maharan daren yau, kuma muna bukatarsa. Amma muddin babu mai bincike da zai gano wanda ya kai musu mai, babu mai gabatar da ƙara da zai riƙe shaida har gaban alƙali, kowane Daudawa da ya faɗi zai bar magaji a daji.